Akwatin Injin Baba

Auta tana cikin fito da faranti daga tanda wayarta ta hau ruri a aljihun farar rigar aikinta. Ta share ta. Hannuwanta duka biyu suna cikin safar zafi, farantin kuma cike yake da 'yan ƙwayoyin nan masu kama da tsakiya, waɗanda ake zubawa a kwalba su tsotse laima. Aikinta ne na kullum a ɗakin gwaji na kamfanin man girki: ƙwayoyin da suka sha laima har launinsu ya koma ruwan hoda ta juye su a faranti ta tura tanda, zafi ya kori ruwan da ya manne musu, su fito shuɗaye kamar yau aka saye su. Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri. Da ta kuma dawowa, sai Auta ta dire farantin ta tuɓe safa ɗaya da haƙori, don mutum ɗaya ne a duniya yake yi mata irin wannan kiran.

"Mama, ina aiki fa."

"Babanku ne. Abin yatsan nan sai sauka yake yi."

"Nawa ya nuna?"

"Tamanin da biyu."

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, likita ya damƙa musu ɗan abin awon da ake maƙalawa a yatsa, ya ce muddin yana nuna casa'in su kwantar da hankalinsu, in kuwa ya zame ƙasa da tamanin da takwas kada su tsaya shawara da kowa. Mama kuwa, da ba ta son tayar wa mutum hankali a wurin aikinsa, ashe tun hantsi take zaune tana kallon abu yana sauka.

Baba kafinta ne, kuma irin kafintocin nan da suke ganin ɗaure hanci da ƙyalle aikin ragwaye ne. Shekara da shekaru yana shaƙar garin katako yana tofarwa, har huhun ya ce ya gaji. Yanzu numfashinsa yana rataye ne da wani inji da bai wuce gwiwar mutum tsayi ba, mai ba shi oksijin ta siririyar roba a hanci, dare da rana. In injin ya tsaya, Baba ba zai daɗe a bayansa ba, kuma kowa a gidan ya san haka.

A bayan babur na haya ta kira likita, iska tana kwashe rabin maganar. Ya ce a kawo shi yanzu, a sa masa tukunyar oksijin a hanya, motar asibiti ta fita ba a san dawowarta ba. Ta kira maƙwabcinsu Mai Tasi. An haƙe layinsu ana binne bututun ruwa, ba motar da take yarda ta shigo sai tasa, shi da ya san yadda ake kewayowa ta bayan garejin bakanike. Ya ce yana can ƙarshen gari cunkoso ya riƙe shi, amma ga shi nan. Auta ta san wannan "ga ni nan" ɗin, sai dai ba ta da wani.

Ta tsallake ramin ƙofar gida a kan falankin da aka shimfiɗa, ta ratsa ta shagon da ke ƙasa, wanda Yaya ya gada tun da Baba ya kwanta, ta haye bene da gudu. Da ta tura ƙofar ɗakin Baba sai zafi ya mare ta a fuska. Ɗakin ne na ƙarshe a sama, kwano ne kawai tsakaninsa da rana. Tagogi a rufe saboda ƙurar masu haƙa, labule a sake, fanka a kashe don Baba ya ce tana sa shi tari. Mama tun tana yarinya aka gaya mata iska ita ce abokiyar gabar mai ciwon ƙirji, kuma ba likitan da aka haifa da zai raba ta da wannan.

Baba yana jingine da filo uku, baki a buɗe, kafaɗunsa suna ɗagawa da kowane numfashi. Leɓɓansa sun yi duhu. Mama tana gefen gado riƙe da hannunsa, Yaya yana tsaye a ƙafar gadon da fensir a bayan kunne, garin katako har a girarsa.

"Baba, ni ce."

Idonsa ya motsa ƙarƙashin fata, amma bai buɗe ba. Ta ɗaga yatsansa ta duba: saba'in da tara.

"Na murɗa makunnin injin har ƙarshe," in ji Yaya. "Tun ɗazu. Ba abin da ya canja."

"Ina tukunyar?"

"Ga ta can. Amma allurar ma'auninta ba ta kai rabi ba. Ranar da aka ɗauke wuta muka yi amfani da ita, ban samu na kai an cika ba."

"A sa masa mana," in ji Mama. "Tun ɗazu nake cewa a sa masa."

"In muka shanye ta a nan, da me za mu kai shi asibiti?" Yaya ya faɗa yana kallon Auta, kamar ita ce alƙaliya.

Auta ta zare robar daga hancin Baba ta kara a kumatunta. Iska tana fitowa da ƙarfinta, har tana huci. Ta mayar masa da sauri. To in inji yana aiki, wuta tana nan, roba ba ta lanƙwashe ba, me ya rage? Abin da ya rage ba ta son ta kira sunansa. Ta bi robar da hannu, daga hancin Baba zuwa filo, zuwa gefen katifa, zuwa ƙasa, sai ta ga ta shige wani ɗan rami zagayayye a jikin wata kyakkyawar durowa da ke kusurwa, jingine da bango, an shimfiɗa mata farin ƙyalle an jera magunguna a kai.

"Ina injin?"

"Yana ciki," in ji Yaya. Duk da halin da ake ciki sai da ɗan alfahari ya leƙo a muryarsa. "Ba na turo miki hoton jiya ba? Kika ce ya yi kyau."

Ta tuna. Tana tsakiyar aiki hoton ya shigo, ta kalle shi da rabin ido, ta ɗauka durowar gefen gado ce ya yi wa wani mai saye, ta rubuta masa cewa ta yi kyau.

Gidan kafintoci gida ne da ba a barin abu tsirara. Rediyo yana da gidansa, mitar wuta tana da nata, hatta kwandon shara an yi masa murfi mai hannu. Tun da injin nan ya shigo yake damun Baba: gurnaninsa ba ya barinsa barci, ga shi kuma farar roba ce muguwar gani a tsakiyar kayan katakon da ya ƙera da hannunsa. Sai ya karɓi fensir ya zana akwati a bayan kwalin magani, yana haki yana nuna wa Yaya inda za a haɗa kusurwa ba tare da ƙusa ta fito ba, da yadda za a liƙa soson katifa a ciki ya shanye ƙara. Mama ta ce rabon da ta ga ya yi dariya irin ta kwanakin nan har ta manta. Jiya da yamma aka saka injin a ciki, Baba ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Sai a lokacin Auta ta lura da shirun ɗakin. Ta ɗora tafin hannunta a jikin akwatin, ta janye da sauri. Zafin nan ta san shi, shi take ji kullum a murfin tandarta.

"Yaya, buɗe shi."

"Me ya faru?"

"Buɗe shi na ce."

"Iska fa tana fitowa, ke kanki kin ji. Na huda masa ramuka a baya, har da ɗan rami a gefe na murɗa makunni, ba haka kawai na toshe shi ba."

"Bayan da ke manne da bango?" Ta kwashe magungunan ta zube a kan kujera, ta fizge ƙyallen. "Iska ce take fitowa, amma ba oksijin ba. Iskar ɗakin nan ce yake ɗiba ya mayar masa, da ɗan abin da ba a rasa ba."

Mutanen gidan sun ɗauka injin ƙera oksijin yake yi, ko kuma yana da wata ajiya a cikinsa. Ba haka ba ne, kuma Auta ta taɓa ƙoƙarin bayani aka ce ta fara karatun nata. Iskar ɗaki yake zuƙa, wadda mafi yawanta naitirojin ne marar amfani ga huhu, ya matsa ta cikin wasu gwangwanaye biyu cike da ƙananan ƙwayoyi, 'yan'uwan waɗanda take gasawa a wurin aiki. Naitirojin ya maƙale a jikin ƙwayoyin, oksijin ya wuce zuwa hancin Baba. Maƙalewar ba ta gam ba ce, ɗan riƙo ne mai rauni a fatar ƙwayar kawai, kuma sanyi yake so. Da zafi ya ƙaru, iskar da ta zauna sai ta fara tsalle tana tashi, wadda ba ta zauna ba ta ƙi zama.

"Ka taɓa ganin yara sun zauna a bencin da ya wuni a rana?" ta ce da Yaya, suna jan akwatin daga bango. "Haka naitirojin yake. In ƙwayoyin suka yi zafi ba ya zama, wucewa yake yi tare da oksijin. Kai kuma ka murɗa har ƙarshe, ka ƙara kora shi da gudu."

Yaya ya durƙusa a bayan akwatin ya zare sakata, ya ja ƙofar. Ko motsi ba ta yi ba. Man sheƙin da ya shafa jiya bai gama bushewa ba aka rufe, zafi ya narkar da shi ya haɗe ƙofar da jikin akwatin. Ya sa farce, ya sa bakin mukulli, ya buga gefen da tafin hannu.

"Bari in sauka in ɗauko siririyar wuƙa," ya ce. "In na bi layin a hankali zai buɗe, ba sai an ɓata ba."

Auta tana da baki, wannan duk gidan an shaida, kuma in tsoro ya kama ta bakin ba shi da linzami. Ta dubi yatsan Baba, saba'in da bakwai, ta dubi yayanta yana shafa kusurwar akwati da yatsa kamar mai lallashin jariri.

"A hankali? Akwatin kake ji, ko Baba? Kai ka dafa injin nan tun jiya, kai kake kashe shi, kana ce min ba sai an ɓata ba!"

Maganar ta cika ɗakin. Mama ta ce, "Ke Auta," a hankali, ba ta ƙara ba. Yaya ya ɗago ya dube ta. Namiji ne mai 'ya'ya, da hannuwa kamar faranti, amma fuskarsa ta koma kamar an watsa mata toka. Ya miƙe ya fita. Ta ji saukarsa, ta ji hawowarsa, ya dawo da guduma. Ya cusa bakin cire ƙusa a kusurwar da Baba ya fi alfahari da ita, ya danna da dukkan nauyinsa. Katakon ya yi ƙara ya tsage. Ya sake cusawa, ya ɓamɓare gefe guda, ya kama na biyun da hannu ya yage shi har da soson, tsinin katako ya shige masa tafin hannu bai ko duba ba.

Wani huci ya fito mai warin roba da gam. Tare da shi wata 'yar ƙara siririya ta fito, ƙit, ƙit, ƙit, ga kuma fitila ruwan ɗorawa tana ƙiftawa a goshin injin. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake wannan kukan a cikin soso ba mai ji.

"Mama, kawo tukunyar."

"Hanya fa?" in ji Yaya, muryarsa a dushe.

"Sai ya kai lokacin tafiyar tukuna."

Ta haɗa robar da tukunyar, ta buɗe daidai gwargwado, tana jin kowane huci kamar daga jikinta ake zara. Ta kashe injin. Jikinsa ba ya taɓuwa. Ta ciro matatar iskar da ke bayansa, ta same ta toshe da ɓarɓashin soso, ta kakkaɓe a cinyarta.

"Ina ya fi ko'ina sanyi a gidan nan?"

"Kan matakala," in ji Mama. "Rana ba ta taɓa shiga."

Yaya ya rungume injin da zafinsa ya fita da shi, ya ajiye a kan siminti inda matakala ta karya kwana. Suka jawo wayar wuta daga falo, suka kafa masa fanka a baya. Auta ta lalubo doguwar robar da ake haɗa wa Baba in zai shiga banɗaki, ta gwada, ta kai da ƙyar. Tana dawowa ɗakin ta zuge labule ta bankaɗe tagogin duka. Mama ta buɗe baki, ta dubi fuskar 'yarta, ta rufe.

Jim kaɗan sai ga Mama ta nufi matakala da jiƙaƙƙen tawul da kwanon ƙanƙara.

"Mama, ina za ki da wannan?"

"Ba sanyi kika ce yana so ba?"

"Ban da ruwa. In laima ta shiga ƙwayoyin nan, ta fi naitirojin ƙarfin riƙo, ta kama wuri ke nan ba ta saki. Zafi in ya tafi injin zai dawo. Ruwa in ya shiga, sai dai a sayi wani."

Mama ta tsaya da kwano a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarta. Tausayinta ya kama Auta. Matar nan tun safe take neman abin da za ta yi da hannunta.

"Ki shafa wa Baba a goshi da wuya. Shi yana so."

Daga nan sai jira, kuma ba abin da ya kai jira cin rai. Auta tana kai da kawowa tsakanin gado da matakala. A ɗaki ta dubi allurar tukunya tana rarrafawa wajen ja, ta dubi yatsan Baba. Lambar ta haura tamanin, ta ɗan ƙara, ta tsaya a tamanin da huɗu. Ta ce a ranta ai don ta buɗe tukunyar kaɗan ne. A matakala ta taɓa jikin injin da bayan hannu, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Da ta ji ya huce yadda za ta iya barin hannunta a kai, ta mayar da makunnin iskar inda likita ya sa shi tun farko, ta kunna. Gurnanin ya tashi ya cika bene. Fitilar ta kama, ruwan ɗorawa.

Ta kira Mai Tasi. Ya ce ya fita daga cunkoson, ya shiga wani.

Yaya yana zaune a matakalar ƙasa da injin, ya naɗe hannunsa da gefen rigarsa, jini ya ɓata ta. Idonsa a kan fitilar, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Zai dawo?" ya tambaya, bai dube ta ba.

"In ƙwayoyin ba su lalace ba."

"In sun lalace fa?"

Bai jira amsarta ba. Ya tashi ya ce bari ya duba ko motar ta shigo layi, ya sauka. Ta ji bai buɗe ƙofar waje ba, shago ya shiga. Ta so ta kira shi, amma allura tana can tana sauka, sai ta koma ɗaki.

Allurar ta taɓa bakin ja. Auta ta tsaya da hannu a kan makunnin tukunyar. In ta rufe yanzu ta mayar da Baba kan inji, iskar banza za ta ba shi. In ta bari, ko Mai Tasi ya iso babu abin da zai raka su asibiti. Gumi yana bin bayanta. Mama tana ta motsa baki da addu'a, tana matsa tawul a wuyan mijinta. Auta ta leƙa ta ƙofa, ruwan ɗorawa. Ta dawo, ta rage tukunyar kaɗan, lambar ta zame ɗaya, ta mayar da sauri. Ta sake leƙawa.

Ba ta ga lokacin da ta canja ba. Ƙarar nan ta ƙit, ƙit ce ta ji babu, ta fito ta tarar da fitilar kore shar. Ta koma da gudu ta cire robar daga tukunya ta haɗa da doguwar, ta murɗe tukunyar tam da ɗan abin da ya rage a cikinta.

"Ya dawo, Mama. Injin ya dawo."

"Alhamdu lillahi," in ji Mama, hawaye suka zubo mata a karo na farko.

Suka sa wa yatsan ido. Tamanin da uku. Tamanin da huɗu. Duhun leɓɓan Baba ya ɗan washe, kafaɗunsa suka rage ɗagawa. Tamanin da biyar. Auta tana jiran shida, har ta buɗe baki za ta faɗa. Shida ba ta zo ba.

Ta ba shi lokaci. Ta cire abin awon ta murza yatsan ya yi ɗumi, ta mayar. Ta canja zuwa ɗaya hannun. Ta maƙala a nata yatsan, ya nuna casa'in da takwas ba ko jinkiri. Ta bi doguwar robar taku-taku har matakala tana neman lanƙwasa ko huda, babu. Ta taɓa injin, sanyi ƙalau, fanka tana kaɗa shi, fitila kore. Ta ƙara iskar kaɗan, ta jira, ta rage, ta jira. Har matatar ta sake cirowa ta hura, alhali ta san ba komai a jikinta. Wallahi da za ta sami wani laifi a injin nan da ta yi murna, don laifin inji ta san maganinsa. Jiya war haka, da wannan injin, a wannan maki, casa'in da ɗaya yake nunawa.

Da ta dawo ɗakin ta tarar idon Baba a buɗe. Yana kallon tarkacen katako da soso da ke zube a kusurwa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo da idon kanta. Ta durƙusa ta kai hannu za ta sake gyara abin awon, sai ya juya tafinsa ya kama yatsunta. Riƙon ba ƙarfi, amma ta kasa zarewa.

"Auta."

"Na'am, Baba. Kada ka yi magana, mota tana zuwa."

"Injin." Ya ja numfashi. "Lafiyarsa ƙalau yanzu?"

"Ƙalau, Baba."

"Yana ba da abin da ya kamata?"

"Yana bayarwa."

Ya ɗaga yatsan da abin awon yake, ya kawo shi kusa da idonsa ya karanta da kansa, kamar yadda yake karanta ma'auni a jikin katako. Ya sauke.

"To saura ni ke nan."

Mama ta ce, "Haba Malam, wace irin magana ce wannan." Bai dube ta ba, Auta yake kallo, don ya san a gidan nan ita ce ba ta iya rufa-rufa ba. Ta so ta ce zafin ɗaki ne, ta so ta ce wahalar yau ce, zuwa gobe zai hau. Wataƙila ma gaskiya ne. Amma ta tuna ko a kan tukunya, da tsantsar oksijin, lambar ba ta wuce nan ba.

"Kai ne, Baba," ta ce, muryarta ta karye a tsakiya.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya auna. Ya huta, ya tara numfashi.

"Ina yayanki?"

"Yana shago."

"Je ki faɗa masa." Ya sake hutawa, ƙirjinsa yana hawa da sauka. "Da ƙarfi. Yadda kika faɗa masa waccan."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Auta lokaci guda. Ashe yana ji. Yana can ƙasan rijiyar da ya faɗa, bai iya buɗe ido ba, amma ya ji 'yarsa tana ce wa ɗansa shi yake kashe shi.

Ta tashi. Ta ratsa ta gefen injin tana ɗaga ƙafa kada ta taka robar, ta sauka. Yaya yana zaune a kan teburin aiki a cikin shago, bayansa ga ƙofa, hannun da ya ji ciwo a kan cinyarsa. Daga can bayan garejin bakanike aka danna ham ɗin mota sau biyu, irin na Mai Tasi. Yaya ya ji, amma bai motsa ba.

"Yaya."

Ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, yana neman labarin a fuskarta tun kafin ta buɗe baki.

"Injin ya dawo, ya yi kore. Baba ya farka, yana magana." Ta ɗaga murya yadda za ta haura bene. "Amma lambar ta ƙi hawa. Ba akwatinka ba ne yanzu, Yaya. Huhun ne."

Ya dube ta. Ta ga sauƙin ya zo masa, ta ga abin da ke bayan sauƙin ya biyo ya danne shi. Ya sa bayan hannu ya goge fuska, garin katako ya yi masa layi a kumatu. Ya sauko daga kan teburin.

"Ke ɗauki tukunyar," ya ce. "Ni zan goyo shi."